Kafin ka zuba kuɗɗinka a babur na tsere: yadda ake karanta takardarsa da idon ɗan Maradi

Makon jiya ƙanena ya turo mini hoton wani babur ta WhatsApp, Yamaha R6 shuɗi yana ƙyalli, wai wani ne zai sayar, a ƙasan hoton ya rubuta "Yaya, ance 260 yake yi fa". Bai tambayi shekarar da aka ƙera shi ba, bai tambayi mai nawa yake sha ba, bai tambayi ko akwai mai iya gyaransa a garin nan ba, gudun kawai. Kuma ban ga laifinsa ba don duk wanda ya taɓa jin kukan irin wannan babur ya wuce a kwalta ya san yadda yake taɓa zuciya. To amma kuɗɗin da ake zubawa ba kaɗan ba ne, kuma jiki ne ake ɗorawa a kai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta dalla-dalla yadda ni nake bin takardar bayanin babur, wato jerin lambobin nan da kamfani ke fitarwa, da abin da kowace lamba ke nufi ga mutumin da zai hau shi cikin Maradi tsakanin unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo da babbar kasuwa, wani lokaci ya miƙa Tibiri ko Tasawa ko Damagaram.

Mataki na farko: sisi da yawan silinda

Abin da kowa ke fara tambaya ke nan, sisi nawa ne. Sisi girman ramin da fistan ke hawa da sauka a cikinsa ne, in silinda biyu ne sai a haɗa na duka biyun. Baburan da muka saba da su, irin na ƴan kabu-kabu, su Kasea da Boxer da ƴan uwansu, tsakanin 100 da 150 suke. Na tsere kuma hawa-hawa ne. Ƙanana akwai Yamaha R15 mai 155 da Bajaj Pulsar RS200 mai 199.5, na tsakiya akwai Yamaha R3 mai 321, KTM RC 390 mai 373, Kawasaki Ninja 400 mai 399, sai manya R6 da Honda CBR600RR masu 599, sai Yamaha R1 mai 998, can sama kuma Suzuki Hayabusa wanda ya fito a 1999 da 1299 daga baya a 2008 aka kai shi 1340.

Kada sisi ya ruɗe ka. Boxer 150 da R15 kusan girmansu ɗaya a sisi amma Boxer dokinsa wajen 12 ne shi kuwa R15 ya haura 18, don an ƙera injinsa ya yi juyi da sauri sosai.

Sai ka duba silinda nawa ne, nan ne aljihunka yake. R15 da RS200 da RC 390 silinda ɗaya ne, R3 da Ninja 400 biyu, R6 da CBR600RR da R1 huɗu a jere. Silinda huɗu shi ke ba da kukan nan mai daɗi da ke jan samari, amma ka lissafa, buji huɗu, bawul 16, duk abin da za ka saya ɗaya sai ka sayi huɗu, kuma kafin bakanike ya kai hannunsa ga bujin sai ya kwance robobi ya ɗaga tanki ya cire akwatin iska. R3 buji biyu ne bawul 8, aikin ya ragu da rabi.

Mataki na biyu: doki, ƙarfin ja, da lambar da ke gefensu

Nan nake so ka natsu don nan ne masu sayarwa ke cin kasuwarsu. A takarda za ka ga layi biyu. Na farko ƙarfin doki, wani lokaci a rubuta shi da kW, in ka ga haka ka ninka da 1.36 ka samu doki, misali R3 an rubuta 30.9 kW wato doki 42. Na biyu ƙarfin ja, ana rubuta shi da Nm, shi ne abin da kake ji yana tura ka gaba lokacin da ka murɗa hannu. To kowanne daga cikinsu akwai wata lamba a gefensa, yawan juyin da inji ke yi a minti ɗaya kafin ya ba da wannan ƙarfin, kuma wallahi wannan lambar ta fi dokin kansa muhimmanci amma ba kowa ke kallonta ba.

R3 yana ba da doki 42 a juyi 10,750, ƙarfin jansa 29.6 a juyi 9,000. Ninja 400 doki 45 a juyi 10,000, ƙarfin ja wajen 38 a juyi 8,000. R6 kuwa dokinsa wajen 118 ne amma sai allura ta kai 14,500. Ka ga ma'anar ke nan, dokin R6 can sama yake ajiye, a ƙasa babu wani abin kirki, in kana tafiya cikin gari a juyi 4,000 ko 5,000 babur ne mai nauyi mai zafi da ke ta neman ka buɗe mishi, in kuma ka buɗe mishi to giyar farko kaɗai tana wuce kilomita 100 a awa. Ka faɗa mini a wace kwalta ce cikin Maradi za ka yi wannan, ga ƴan kabu-kabu, ga masu adaidaita, ga amalanke, ga yara ƴan makaranta, ga akuya da ba ta san oda ba. Mutum ya sayi doki 118 ya ƙare yana amfani da 20, sauran suna jiransa ranar da hannunsa zai kuskure.

Ni a ganina wanda bai taɓa hawan abin da ya wuce sisi 150 ba, kada ya tsallake ajin doki 40 zuwa 48. Ko a Turai haka suka tsara, akwai permi da suke kira A2 wanda bai yarda sabon mahayi ya wuce 35 kW ba, wajen doki 47 ke nan, sai ya yi shekaru ya ƙware sannan ya hau babba, kuma su ne masu hanyoyi sumul da babu jaki a kai. Kuma kada ka raina ajin nan, R3 ko Ninja 400 suna wuce 160 ba tare da wahala ba, wannan gudun ya fi ƙarfin kowace hanya da muke da ita.

Mataki na uku: sanyaya inji

Duk wanda ya yi watan Afirilu da Mayu a Maradi ya san zafi na wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. Baburanmu na gida iska ke sanyaya su, shi ya sa kake ganin zara-zaran ƙarfe a jikin silinda. Na tsere kusan duka da ruwa ake sanyaya su, akwai lagireto a gaba da fanka a bayansa da famfon da ke zagaya ruwan, kuma an lulluɓe injin da roba, don haka in babur na tsaye ko yana tafiyar hawainiya fankar nan ce kaɗai gatansa.

Abin da za ka yi, ka tada babur ka bar shi a tsaye yana aiki, ka sa ido a ma'aunin zafi, in ya kai wajen digiri 100 ko ya ɗan haura dole ka ji fanka ta tashi da kanta, zafin ya sauka, ta mutu. In ba ta tashi ba ka kashe nan take. Ni wannan ya taɓa samuna da babur ɗina na farko, fis ɗin fanka ya ƙone ban sani ba, ina cikin cunkoso gab da la'asar sai na ji ƙafata na ƙuna, kafin in samu gefe ruwa ya fara tafasa yana zuba, Allah ya taimaka gasket bai tafi ba amma na yi mako biyu ina taka sayyada ina zullumi. Tun daga ranar duk safiya sai na leƙa ɗan galan ɗin ruwan na gefe in ga yana tsakanin layi biyun.

Kada ka zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto, yana barin farin gishiri da tsatsa ya toshe ƴan hanyoyin ciki, ka nemi ruwan lagireto na gaske mai launi. Lokacin hunturu kuma ƙura na cika ramukan lagireto ta waje, ka riƙa wanke shi da ruwa a hankali, kada ka bar yaran wankin mota su sa mishi injin fesa mai ƙarfi kusa-kusa don siraran ƙarafan lanƙwashewa suke.

Mataki na huɗu: mai

Baburan tsere na yanzu ba kafireta gare su ba, injekta ne, akwai famfo a cikin tanki da ke tura mai da ƙarfi ta wasu ƴan ƙananan ramuka, kwamfutar babur ce ke auna adadin. Daɗinsa yana tashi bugu ɗaya kuma ba ya ɓarnar mai, matsalarsa ba ya haƙuri da datti ko kaɗan. Kafireta in ta toshe kowane bakanike a bakin hanya zai kwance ya hura ya mayar, injekta da famfo kuwa in sun lalace sai a jira saƙo daga Kano ko Yamai ko ma waje.

Ga kuma wata lamba da ake rubutawa kamar 11.2:1 a R3 ko 13.1:1 a R6, wannan yawan matsar da fistan ke yi wa mai da iska ne kafin buji ya kunna, in lambar ta yi sama to injin na buƙatar mai mai kyau sosai, in ba haka ba sai ka ji yana ƙwanƙwasa daga ciki kamar ana buga ƙaramar guduma, kuma wannan ƙarar fistan take ci. Na san duk mun saba da ƴan ruwa-ruwa, suna kusa, wani lokaci da sauƙi, kuma da sana'ar suke ciyar da iyali, amma man da ya wuni cikin kwalba ko jarka a rana, aka juye shi daga wannan mazubi zuwa wancan cikin ƙura, ba na irin wannan injin ba ne. Ka sha a gidan mai. In tafiya ta kama ka dole, ka sa tsumma mai tsabta a bakin mazurari ka tace, ka zuba daidai wanda zai kai ka gidan mai na gaba.

Sai lissafin tanki. R3 da Ninja 400 lita 14 suke ɗauka, RS200 lita 13, R15 lita 11, R6 lita 17. R3 in ana tafiyar hankali yana yin wajen kilomita 25 da lita ɗaya, wato tanki guda ya haura kilomita 300, zai kai ka Damagaram mai wajen kilomita 240 har da saura, Yamai kuwa da ta wuce kilomita 600 sai ka sha a Konni ka ƙara a Dogondutsi ko Dosso. R6 yana shan sama da lita 6 a kilomita 100, duk da tankinsa ya fi girma zangonsa bai kai na R3 ba, in kana murɗa shi kuma sai abin ya ƙara lalacewa.

Matatar iska ma a nan take. Abin da littafin babur ya ce game da lokacin canza ta an rubuta shi ne don ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba, ni ina buɗe tawa duk wata in iska ta taso, kuma ina roƙonka kada ka bari a ruɗe ka da buɗaɗɗiyar matata wai don ƙarin gudu, ƙasa ce za ka riƙa ɗura wa injinka.

Mataki na biyar: nauyi, tsawon kujera, da tazarar ciki da ƙasa

R3 kilo 169 ne da mai da komai, Ninja 400 kilo 168, R6 kilo 190, alhali Boxer bai wuce kilo 125 ba. Ka lura wasu takardun nauyin babur ba mai ba ruwa suke rubutawa don ya yi kamar mara nauyi, ka nemi wanda aka auna da cikakken tanki. Kujerar R3 milimita 780 ce daga ƙasa, ta Ninja 400 785, ta R6 850. Lamba ba za ta faɗa maka komai ba sai ka hau, ka zauna ka ga ko tafin ƙafarka biyu na taɓa ƙasa, don ranar da za ka tsaya a rairayi ƙafa ta nutse, in da yatsu kawai kake taɓawa babur ya tafi, kuma faɗuwar tsaye kaɗai tana fasa robar gefe da madubi da hannun birki.

Tazarar cikin babur da ƙasa, R3 milimita 160, Ninja 400 140, R6 130. Wannan lambar ka tuna da ita duk lokacin da ka tunkari tudun rage gudu na kwalta ko kwatamin unguwa ko hanyar da ruwan damina ya zaizaye. Kuma ka yi wa kanka gaskiya game da ƙofar gidanka, in daga kwalta zuwa gida akwai rairayi mai zurfi kamar yadda yake a unguwanni da yawa, to kullum sau biyu ko huɗu za ka yi kokawa da shi, don hannun irin wannan babur ƙasa yake kuma gajere ne, nauyinka na kan tayar gaba, ita kuwa nutsewa take so.

Zaman ma daban ne. A R6 kwanciya ake yi a kan tanki, wuyan hannu da baya da wuya duk suna ɗaukar nauyi, R3 da Ninja 400 sun ɗan ɗaga hannun ana iya wuni a kai. Kujerar baya kuwa ƴar mitsitsiya ce a sama, in kana tunanin kai uwargida unguwa ko ɗauko buhun gero daga kasuwa, ka riƙe tsohon babur ɗinka kada ka sayar.

Mataki na shida: taya da birki

In kuɗɗinka za su ƙare a wuri ɗaya to su ƙare a nan. A jikin taya za ka ga rubutu kamar 110/70-17, ma'anarsa faɗinta milimita 110, tsawon gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, rim kuma inci 17. R3 na ɗaukar 110/70-17 a gaba da 140/70-17 a baya, Ninja 400 gaba iri ɗaya baya 150/60-17, manyan 600 kuwa 120/70 a gaba 180/55 a baya kuma kuɗɗinsu ba wasa ba ne ga saurin cinyewa. Akwai harafi a ƙarshe da ke nuna iyakar gudun da tayar za ta jure, S kilomita 180, H 210, W 270. Kada ka sa wa babur tayar da ta fi wadda aka rubuta faɗi don ado, tana ɓata yadda yake shiga kwana.

Sai abin da mutane da yawa ba su sani ba, shekarun taya. Ka nemi inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 to an yi ta a mako na 23 na 2019. Taya tana iya zama da zanenta cif amma robar ta bushe ta yi tauri, balle a rana irin tamu, in ta haura shekara biyar ni ba na yarda da ita ko da kyau take. Yawancin baburan da ake shigowa da su na hannu da tsofaffin tayoyi suke zuwa, ka sa kuɗɗin sababbi a cikin ciniki tun farko.

Tayoyin ba su da tib, rim ɗin kuma na zubi ne ba mai waya ba, in ka faɗa rami da gudu lanƙwashewa yake ko ya tsage. Ka samu mai faci ɗaya da ka yarda da shi wanda ba zai sa ƙarfe ya kankare maka bakin rim ba. Iska kuma ka auna da ma'auni da safe kafin taya ta yi zafi, R3 yana son 2.0 a gaba 2.5 a baya a awon iska da ake kira bar, yawancin babura an manna nasu a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar baya, ka daina auna iska da matsa yatsa.

Birki, R3 faifai ɗaya ne a gaba mai milimita 298 da 220 a baya, Ninja 400 310 a gaba, manya faifai biyu ne a gaba. Birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kuma na san da yawanmu mun tashi da tsoronsa muna taka na baya kawai, a wannan babur dole ka koyi matsa na gaba da yatsu biyu a hankali kana ƙarawa, ba fizga ba. Ka nemi mai ABS in da hali, na'ura ce da ke hana taya ƙullewa in ka danne birki da firgici, a Tarayyar Turai tun 2017 duk sabon babur da ya wuce sisi 125 sai da ita ake sayar da shi. A kan rairayi ko burji takan ɗan tsawaita tsayawa, amma a kwalta ranar da ɗan maraƙi ya faɗo maka tsakanin Gidan Rumji da Maradi ita ce za ta bar ka a kan kujera. Ka riƙe wannan lissafin, a gudun 100 kana cin wajen mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma in ka ninka gudu sau biyu nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Man birki DOT 4 ne, a canza shi duk shekara biyu, in ka ga ya yi baƙi kamar shayi ya wuce lokaci.

Mataki na bakwai: giya, baƙin mai da sarƙa

Giya shida ce, ɗaya ƙasa biyar sama, furi na tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Wanda ya saba da babur mai giya duk ƙasa sai ya yi hattara makon farko don ƙafa tana da nata sabo. Ninja 400 na da irin kulocin nan mai sulɓewa kaɗan in ka sauke giya da gaggawa don kada tayar baya ta yi tsalle, abu ne mai amfani ga sabon hannu.

Baƙin mai, ka duba galan ka ga an rubuta JASO MA ko MA2, yawanci 10W-40, don kulocin babur cikin man yake wanka, man mota na iya sa shi sulɓi. R3 wajen lita 2 yake ci. Ni ina juye nawa duk kilomita 3,000 saboda zafi da ƙura duk da littafi ya ba da tazara fiye da haka, wannan ra'ayina ne. Sarƙa tana da ƴan zobban roba a tsakanin ƙarafanta, kada a wanke ta da fetur, kananzir da burushi mai laushi ya isa, a sa mata mai duk wajen kilomita 500 sannan a goge na sama don rairayi na manne wa mai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa.

Mataki na takwas: ranar zuwa ganin babur

Ka ce wa mai shi kada ya tada shi kafin ka zo, in ka isa ka fara taɓa injin, in da ɗumi ka zauna ku yi hira har ya huce ko ka dawo gobe, don injin da ke da ciwo da sanyi yake nuna shi. Ka murɗa makulli ka kalli fitilun allo, duka su kama sannan ta inji ta mutu bayan ya tashi, ta ABS kuma sai ka fara tafiya take mutuwa, in wata ba ta kama ba sam to mai yiwuwa an cire ta ne don ɓoye matsala. Ka kalli hayaƙi, shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga silinda. Ka je da ɗan ma'aunin batir, a kashe ya nuna wajen 12.6, in injin na aiki ka ɗan murɗa ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5.

Ka shafa ƙarafan shokozoba na gaba ka ga ko mai na tsatsa, ka duba bakin hannuwa da matakin ƙafa da gefen salansa ko akwai gogewar kwalta, ka tsaya daga baya ka hango ko tayoyin biyu na kan layi ɗaya. Sabon fenti a tsohon babur abin tambaya ne. In daga Amurka ya fito allonsa mil yake ƙirgawa, ka ninka da 1.6, mil 20,000 kilomita 32,000 ne, kuma R3 ana duba bawul ɗinsa a wajen kilomita 40,000, ka ga aikin ya kusa faɗowa kanka ke nan.

Lambar shasi tana wuyan babur, haruffa da lambobi 17, ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi kuma kada ka ga alamar an goge ko an sake bugawa. Ukun farko na faɗin kamfani da ƙasa, JYA Yamaha na Japan, MH3 Yamaha na Indunusiya inda ake haɗa R3, JH2 Honda, JS1 Suzuki, MD2 Bajaj na Indiya. Manyan baburan Honda da Yamaha da yawa makullinsu na da ƴar na'ura a ciki, in guda ɗaya aka ba ka ya ɓata ba a yanka shi a kasuwa, ka nemi na biyu tun a wurin ciniki. Takardar duwan wato kwastan, kart giriz wato takardar rajistar babur, asirans wato inshora, lamba, duk ka gani da idonka kafin ka ƙirga ko jikka ɗaya, mu da ke kusa da iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya mun san babur na shigowa ta hanyoyi da yawa, wanda ba shi da takarda komai araharsa wahala ce ka saya. Kuma kafin duk wannan ka fara nemo bakaniken da ya taɓa buɗe irin injin, ka tafi da shi, ka tambaye shi "Maigida, in famfon mai ko faifan kuloci ya tafi, kwana nawa kafin mu samu?", amsar da ya ba ka ta shiga lissafi.

Kuɗɗin hular kwano ma cikin kuɗɗin babur suke. Mai rufe fuska duka har haɓa, a jikinta ka ga tambarin ECE 22.05 ko 22.06, wato shaidar gwajin inganci ta Turai, da safar hannu, da riga mai kauri mai ramukan iska, da takalmi mai rufe idon sawu. Na san da zafi, ni ma ina jinsa, amma na taɓa zama a likita kusa da abokina ana wanke mishi tsakuwa daga fatar hannu da cinya kuma gudunsa ranar bai kai 60 ba. Makonni biyun farko ka fita bayan sallar asuba lokacin da hanya ba kowa, ka samu fili mai kwalta ka yi ta koyon tashi da tsayawa da juyawa a ƙaramin wuri, ka matsa birkin gaba a gudun 30 sannan 50 har hannunka ya san shi, kada ka ɗauki kowa a baya, kada ka yi tafiyar dare a babbar hanya inda manyan motoci ke kashe ido da fitila dabbobi kuma na kwance a kwalta.

Ƙanen nawa da na gama yi mishi wannan bayanin ya yi shiru, can ya ce "To Yaya R6 ɗin fa, shi ke nan?" Na ce ya bari tukuna, akwai wani R3 na 2019 da aka ce mini za a sayar, shekarar da suka sauya mishi shokozoban gaba zuwa irin mai kifaffen kai, mun yi da mai shi ranar Asabar da safe kada ya tada shi, za mu je mu uku da bakanike da ma'aunin batir, in fanka ta tashi kuma takardun duwan sun cika sai mu fara maganar kuɗɗi.